Garmahon Sammani

Kuɗin tumatirinsa kaf Sammani ya narkar a garmaho: naira tamanin ya sayo shi a Kano, ya ƙara talatin na sabuwar allura da lasifika da batir. Ɗoki ya hana shi kaiwa gida. Ana kiran magariba ya jingine kekensa a gindin tsamiyar bakin kanal ɗin Kura, ya ɗora faifai.

Nan take kwaɗi suka yi tsit.

"Malam, ƙara mana sautin," in ji wata mata daga bayansa. "Yaran ba sa ji."

Babu gida ko ɗaya a wajen. Ya fizge wayar batir.

Faifan bai tsaya ba. Can saman tsamiyar, ƙananan hannuwa suka fara tafi.