Hannun da Ya Rubuta Akmeta

A shekara ta tara da Wahuka yake riƙe da ƙasar Madai a madadin Sarkin Sarakuna, ana gab da shiga sanyi, ƙanensa ya yi masa tawaye, ya kewaye shi a birnin Hagmatana da mayaƙa. Da labari ya iso fadar Shushan, Waziri ya kira magatakarda Zabdiya, wani dattijon Bayahude, ya ce a rubuta wa Sarkin Yaƙi Bagafarna ya kai ɗauki kafin ƙanƙara ta toshe hanyar duwatsu.

Takardun fada da Aramanci ake rubuta su, a harshen Aramanci kuwa Hagmatana ake kira Akmeta. Haka Zabdiya ya rubuta.

Ashe Bagafarna ya riga ya haɗa baki da ɗan tawayen. Kwana arba'in ya yi yana baza manzanni, wai a nemo masa inda Akmeta take. Kafin ya ɗaura sirdi birni ya faɗi, an kafe kan Wahuka a ƙofar gari.

Ranar shari'a Bagafarna ya ce wa Waziri, "Ranka ya daɗe, ni Hagmatana na sani. Wannan ɗan tawadar ya aike ni garin da babu shi sai a bakin kakanninsa."

'Yan majalisa suka bushe da dariya. Zabdiya ya ɗaga kai, ya dubi Bagafarna.

"Ubangidana, a ina mahaifiyarka take zaune?"

"Kai tsoho, me ya haɗa ka da gyatumata?"

"Shekara goma sha biyu ni nake rubuta wasiƙunka zuwa gare ta. Akmeta nake sawa, kai kake danna hatimi. Ko ɗaya ba ta taɓa ɓata ba."

Waziri ya dubi dakarun Bagafarna da suka cika farfajiya, ya dubi dattijon, sannan ya sunkuyar da kai.

"Kuskuren rubutu ne," in ji shi.

Kafin la'asar aka sare hannun Zabdiya na dama. Bagafarna ya mutu da tsufa a kan muƙaminsa.

Har yau masu ba da labarin cewa suke yi magatakarda ne ya ba da birni. Ƙarya ce, kuma lokaci ya yi da za a gyara. Babu harafi ɗaya da ya karkace a takardar nan. Mulki bai iya hukunta mai dawakai dubu biyu ba, shi ya sa ya nemi wanda ba shi da kowa a farfajiya. A wanke sunan Zabdiya, tunda hannun ba ya dawowa.