Mushe a Motar Malama Sauda

Da hantsi Malama Sauda ta kai rahoto ofishin 'yan sanda: motarta ta ɓace daga ƙofar gidanta a Gwallameji. Ƙaramar mota ce mai dogon baya, da ita take kai yara makaranta.

Bayan azahar aka gano ta a gefen wata gona a Miri. Sufeto Zakka yana buɗe bayanta ya ja baya, ya toshe hanci. An kwantar da kujerun baya, wurin ya yi faɗi kamar tabarma. Baƙin jini ya daskare a kai, ga gashin saniya, ga ƙudaje.

"Ba yanka ba ne wannan," in ji Sufeto. "Mushe aka ɗauko."

Ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa wayar kunna inji ba: da makulli aka ɗauke ta. Ya sa aka kira Habila, makanikenta.

"Yallaɓai, irin wannan motar inji biyu take zuwa da shi, na fetur da na dizal. Tata dizal ce, amma murfin tankin na mai fetur ne, ni na sa shi. Jiya da na duba ta mai ya kusa ƙarewa, yanzu rabin tanki."

"Da baƙo ne ya zuba man fa?"

"Fetur zai zuba, inji ya mutu."

A gidan Sauda, Sufeto ya tarar da Mansir, ƙanin mijinta.

"Ban taɓa riƙe makullinta ba," in ji shi.

Sufeto ya ɗana masa tarko: "To, madalla. Wanda ya ɗauka ya zuba mata fetur, inji ya tashi aiki. Shi zai sayi sabo."

"Wane fetur? Ai dizal na..." Mansir ya kama bakinsa.

Sufeto ya zuba masa ido.

"Saniyar wani ce ta mutu shekaranjiya," Mansir ya ce a hankali. "Na kai wa wani mahauci. Wari ne ya hana ni dawo da motar."

"A motar nan 'ya'yan yayanka suke zama, Mansir," in ji Sauda. Ta fita tsakar gida.

"Ina rumfar mahaucin?" Sufeto ya tambaya. "Faɗa kafin wani ya sa naman a tukunya."

Mansir ya faɗa. Sufeto ya tura kofur a guje, ya sa wa Mansir ankwa da kansa, ya tasa shi gaba zuwa mota.