Kwaɗin Rafin Baba

A taron masu binciken ruwa a birnin Plovdiv wani saurayi, Momchil, ya fara ganin 'yata Desislava. Ina wurin, ina karanta wa kujerun da babu kowa takardar bincikena. Da na ga irin kallon da yake mata, na ce a raina: yaron nan rafina yake so.

Shekara ashirin ina nazarin wasu kwaɗi masu rawayan ciki a wani ɗan rafi cikin duwatsun Rodopi. Daga ni sai Desi muka san wurin. Ranar da masu kamawa su sayar suka ji labari, aikina ya ƙare. Dama shekara uku ke nan wani mugu yana kwance min tarkunan da nake ɗanawa don ƙidaya kwaɗin.

"Baba, sona yake yi," in ji Desi.

"Haka suke cewa. Ya tambaye ki rafin?"

"Ko sau ɗaya."

"Kin gani ko? Gwani ne. Ban yarda ba."

Wata safiya ta bar wayarta kusa da farantin banitsa, gurasarmu mai cuku. Ban duba ba, saƙon Momchil ne ya faɗo idona:

"Sanyin idona, ran Asabar zan kai ki wurin da ban taɓa nuna wa kowa ba. Ki wanke takalmanki da magani, kada mu kai musu cuta. Kar tsoho ya ji."

Tsoho! Ran Asabar na bi su a baya, gwiwa tana ƙara. Sai ga su a bakin rafina.

Na fito daga bayan itace. "Desi, kin sayar da ni?"

"Na rantse, Baba, shi ya kawo ni!"

"Farfesa," in ji Momchil, "ƙauyen kakata na bayan tudun can, a ruwan nan na girma. Wani ɓarawo ne ya addabe ni, kullum sai ya ɗana wa kwaɗin tarko. Shekara uku ina kwancewa."

Desi ta zube kan dutse tana dariya har da hawaye.

Na gyara murya. "Kafin ka sake su, kana ƙirgawa?"

"Duka, har da kwanan wata."

A watan Satumba aka ɗaura auren a cocin ƙauyen. Na riƙe hannuwansu na ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, kuma har zuciyata na faɗa.

Takardar bincikenmu ta fito bana. Sunana ne na uku.