Ƙoƙon da Heber Ya Karɓa

Ranar Alhamis ce, ana yayyafi da iska mai sanyi, ni da ɗan kawuna Heber muka hau hasumiyar sadarwa ta birnin Montevideo don mu hango jiragen ruwa. Da magariba 'yan kallo suka watse, saura wani tsoho da fulas a hammata. Ya miƙo mana ƙoƙon shayin ganyen da muke kira mate, ga shi a wurinmu ƙin karɓa cin fuska ne. Na noƙe.

"Matsa, sarkin tsoro," in ji Heber. "Kawo, baba."

Ya zuƙa. Ƙoƙon ba ya tururi, sai ƙarnin ruwan teku.

"An daɗe ba a kira ni baba ba, ɗana," in ji tsohon. Leɓɓansa na motsi, amma daga wayar aljihuna muryar take fitowa.

Na so in finciko Heber, hannuna ya ƙi ɗaguwa. Heber ya buɗe baki, babu sauti. Tsohon ya nufi matakala yana kiran sunana da muryar Heber.

Abin da muka rasa ke nan: muryar Heber, aikinsa na kwandastan bas, da barcina.