Matar Ticha Sojar Ruwa Ce

Mama na zaune a gaban keken ɗinkinta, ƙafa a kan feda, amma keken bai motsa ba. Tun safe take riƙe da hannun riga ɗaya. Jikarta na wasa da murfin kwano a ƙarƙashin tebur, wayarta kuma na gefe, shiru.

Tun ranar da wani ofisa ya kira ya ce wuta ta tashi a ɗakin injin jirgin ruwan su 'yarta, akwai waɗanda suka ji rauni, za a sanar da iyalai nan gaba, Mama ba ta yi kuka ba. Tana dafa abinci, tana ci, ba ta jin gishiri. 'Yarta tilo a wannan ɗakin injin take aiki. Sojar ruwa ce, ƙaramar ma'aikaciya, amma tun tana yarinya ubanta ke kiranta Kyaftin, sunan ya bi ta har gidan miji.

Sallama aka yi. Ticha ne, mijin Kyaftin, malamin lissafi, ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya. Gabansa Gwaggo ce, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta raine shi tun yana maraya. Ko zama ba ta gama yi ba ta fara.

"Ina maigidan? Da shi nake son magana!"

Baba ya fito daga bayan gida yana goge baƙin mai da tsumma. Bakanike ne, shi ya fara ɗora wa Kyaftin sifana a hannu.

"Sannu da zuwa, Yaya. Lafiya?"

"Ina lafiya! Kun ga irin abin da nake faɗa ko? Mace da miji da 'ya, ta tafi tsakiyar teku tana fama da inji! In Allah ya sa tana raye, ku gaya mata ta zaɓa: ko kaki, ko aure. Yarinyar nan kuma yau zan tafi da ita."

Mama ta dubi Ticha. Kansa na ƙasa.

"Gwaggo, don Allah," ya ce a hankali, "ko netwok ba su da shi, ba mu ma san halin da take ciki ba—"

"Rufe min baki! Kai ka sake mata ai!"

Baba ya ninke tsumman ya ajiye.

"Yaya, da wannan aikin ya gan ta, da shi ya aure ta, a gabanki. Ni ba zan ce ta ajiye ba. In ita ta ce ta gaji, ni zan fara ɗauko mata jakarta. Jika kuwa taku ce tamu ce. Amma ki bar ta a nan har mu ji labarin uwarta."

Gwaggo ta miƙe tana huci. A bakin ƙofa ta juyo ga Ticha.

"In ka ci gaba da zama da ita a haka, babu ni babu kai!"

Mama ta ji duk maganar kamar daga rediyon maƙwabta take fitowa. Da suka fita, ta ɗinke hannun rigar a baibai, ta farke, ta sake ɗinke shi a baibai.

Labari ya zo da rana tsaka: Kyaftin tana raye, tana asibitin soja. Baba ya faɗi ya yi sujada a tsakar ɗaki. Mama kuwa ta ce, "To," ta tashi ta fara haɗa zannuwa a jaka.

Sun same ta a gadon ƙarshe, kusa da taga. An naɗe hannunta na hagu har kafaɗa, ƙunar ta haura gefen wuyanta. Ba ta yi kuka ba ita ma. Silin take kallo.

"Kyaftin ɗina," in ji Baba.

"Baba, mutum biyu ba su fito ba," ta ce, muryarta ba hawa ba sauka. Can ta ƙara, "Mama, 'yan uwa sun kira ni, na ji abin da Gwaggo ta ce. Ki gaya wa Ticha na yafe masa, ya bi maganarta. Ba na son zaman tausayi. Kuma ba zan yi risain in bar aikina ba. In na warke zan koma diyuti."

Ashe Ticha na tsaye a bayan labule da ledar lemo. Ya shigo ya ajiye ledar.

"Ni kika bai wa Mama saƙo? Ga ni. Ban karɓa ba."

Ta juyar da kai wajen bango.

Da aka sallame ta, gidan iyayenta aka kawo ta. Mama ta buɗe wuyan rigunanta duka, ta sa musu maɓalli a kafaɗa don kada su goge ciwon. Baba ya ɗauko tsohon janareto ya ajiye mata a baranda, ya ce ya gagare shi. Ƙarya yake yi, so yake yatsunta su motsa. Ta yi kwanaki tana kallon janareton kafin ta ce, "Baba, miƙo min sifana."

Ticha kuwa kullum aka tashi daga makaranta sai ya fara biyawa gidan Gwaggo. Ya gaishe ta, ba ta amsawa. Ya ɗebo mata ruwa, ya duba maganinta, sannan ya taho. Wajen nas ya koyi dirasin, shi yake wanke ciwon Kyaftin ya naɗe. Kyaftin ba ta ce masa komai, shi kuma ya yi ta ba ta labarin ɗalibansa.

"Yau wani ya ce min sifiri ba lamba ba ce, tayar keke ce."

Mama na kicin ta ji wani ɗan sauti daga bakin Kyaftin, kamar dariya ta taso ta koma.

Amma Ticha na ƙarewa a tsaye. Wata rana Mama ta gan shi a bakin famfo ya haɗa kai da bango, yana kuka a ɓoye. Ta yafa mayafi ta nufi gidan Gwaggo.

Ta same ta ita kaɗai tana tsintar shinkafa.

"In roƙo kika zo, ki koma."

"Ba roƙo na zo ba, Yaya." Mama ta zauna a ƙasa. "Kina ganin kamar ba na tsoro ne? Duk tafiyar da za ta yi, sai na ji kamar an zare min wani abu a ƙirji. Ban taɓa son aikin nan ba, ko sau ɗaya."

Gwaggo ta ɗago. "To me ya sa kika ƙyale ta?"

"Saboda ita tana so, kuma halal ne. In na hana ta, na huta ni, ita ta mutu a zaune. Gara ta tafi da albarkata, ta san tana da inda za ta dawo."

Hannun Gwaggo ya tsaya a cikin tire.

"Ni na ɗauko yaron nan ranar da aka binne uwarsa," ta ce. "Yana ta tambayata yaushe za ta dawo. Ba na son jikata ta yi min wannan tambayar. Shi ke nan fa! Ba ƙin 'yarki nake ba."

A nan abin ya ɓalle wa Mama. Kukan da ya ƙi zuwa tun ranar wayar ofisa ya zo gaba ɗaya, a ɗakin matar da ta zo lallashi. Gwaggo ta ture tiren ta riƙe ta, su biyu suka yi ta yi.

Washegari Gwaggo ta zo da kanta. Ta tarar da Ticha durƙushe yana naɗa bandeji. Ta tsaya tana kallon tabon, sannan ta ce, "Kai, matsa! Haka ake naɗi? Ka matse mata hannu!"

Kyaftin ta ce, "Gwaggo, ki yafe min. Amma zan koma."

"Na sani, mai taurin kai. Allah ya tsare. Kai kuma na janye maganata, Allah ya yi maka albarka."

Ticha ya rufe fuska da tafin hannu. Kyaftin ta miƙa hannunta mai lafiya ta janye nasa.

"Sorri," ta ce. "Na wahalar da kai."

"Sosai ma!" ya ce, yana dariya yana hawaye.

Da likitoci suka ce ta warke, su duka suka raka ta tasha. Tana cikin farin kakinta, tabon ya leƙo ta saman kwala, ba ta ɓoye shi ba. Ticha na saɓe da 'yarsu, Baba na riƙe da jaka, Gwaggo na ta faɗa da direba kan ya ba ta kujerar gaba. Mota ta tashi. Tsoron ya dawo wa Mama daidai inda ya saba zama, amma ta ɗaga hannu ta yi murmushi har motar ta sha kwana.

Haka iyaye na gari suke: ba tsoro ne ba sa ji, riƙe shi suke yi a ciki don kada ya zama sarƙa a ƙafar 'ya'yansu. Wanda kuma ya yi haƙuri da nasa, bai yar da matarsa ba, bai kuma ɗaga wa wadda ta raine shi murya ba, Allah ba ya barin sa ya rasa ko ɗaya.