Gidan Da Kimtsau Ya Gyara

Kimtsau yana bin bangon falo da hannuwansa shida, yana goge tabon yatsun da baƙi suka bari. Injin gyaran gida ne, tsayinsa bai fi na akuya ba, amma a Sabon Gusau duk mai ba da gidansa haya na 'yan kwanaki sai ya ɗauko irinsa. Da ya shiga gida sai ya raba kaya kashi biyu, masu amfani da tarkace. Masu amfanin ya jera su yadda za su burge baƙo, tarkacen kuwa ya zura su a bututun ƙarƙashin ƙasa, can a niƙe su a yi bulo da su.

Uwani ta ɗauko shi ne lokacin baje kolin na'urori, da gari ya cika maƙil, baƙi suna rububin tsofaffin gidaje irin nasu da suka rage a tsakanin dogayen benaye. Mahaifinta, Malam Sambo, ya tafi ƙauye ta'aziyyar ƙaninsa, ita kuma ta ba da gidan haya, ta koma kwana a wurin aikinta, tashar jirgin maganaɗisu. Ba ta gaya masa ba, don ta san shi sarai, ba zai taɓa yarda a sauki baƙo a gidansa da sunan haya ba. Kamfanin da ya ba ta injin dai ya ce da zarar baƙi sun tafi, injin zai mayar da komai mazauninsa.

To, baƙi sun tafi, jirgin Malam yana hanya, injin kuma ya ce ya gama. Uwani ta tsaya a tsakar gida tana dube-dube. Gida ya yi kyau kam, ba musu, amma kyan ne ya tayar mata da hankali.

Malam Sambo makaho ne tun tana goye, amma a gidan nan ba ya riƙe sanda. Akwai tsagaggen turmi a bakin ƙofarsa da yake dafawa, da tsohuwar igiyar shanya da ke kai shi bayi, da wani tudun siminti da ƙafarsa ke sanin ta iso rijiya in ta taka shi. Ita kanta ta sha mita a kan waɗannan tarkace. Yau ga shi babu ko ɗaya, daɓe ya yi sumul tun daga zaure har madafa.

"Ina turmin Baba?" ta tambayi injin.

"Hajiya, ba a daka a cikinsa, saboda haka tarkace ne," in ji Kimtsau cikin ladabin nan nasa mai ban haushi. "Kaya nake mayarwa mazauninsu. Tarkace ba na riƙe hotonsu."

Ta kira kamfani, wata murya mai sanyi ta maimaita mata maganar, har da yi mata fatan alheri. Injin ya ce zai iya ƙera sabon turmi da igiya nan take, in dai za ta nuna masa daidai inda suke. Ta dubi bakin ƙofar. Dama da ƙofa turmin yake ko hagu? Igiyar daga wace kusurwa ta taso? A gidan aka haife ta, kullum tana wuce su, amma mai ido ba ya haddace irin wannan. Ta rufe idanunta ta gwada tafiya yadda yake yi, ba ta yi nisa ba ta yi karo da bango.

Tana nan tana nuna wa injin wuri tana fasawa, sai ta ji sallamarsa a zaure. Ya ɗaga sandar tafiyarsa zai rataye ta inda ya saba, babu ƙusar, sandar ta faɗi ƙasa. Ya shigo a hankali, hannunsa a sama yana laluben igiya, yana kama iska. Uwani ta durƙusa ta yi masa sannu da hanya, ta soma bayani, maganar tana harɗewa. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ta fi samun sauƙi. Ya dai tsaya cik a tsakar gidan da ya gina da hannunsa, yana goga tafin ƙafarsa a daɓen, ko zai ji wani abu da ya sani.

Aka kira sallar azahar. Ta kawo masa buta, ya yi alwala a nan inda yake, ta shimfiɗa masa darduma a ruɗe, ba ta ma lura da inda ta fuskantar da ita ba. Ya miƙe, ya juya dama, ya juya hagu.

"Uwata," ya ce da ita a hankali, "ina ne gabas a gidan nan?"

Kafin ta iya buɗe baki, Kimtsau, wanda ya saba jin wannan tambaya daga bakin baƙi, ya matso da sauri. Ya yi masa barka da sauka, ya haska koriyar kibiya a ƙasa daidai gaban ƙafafunsa. Malam Sambo yana tsaye, yana jiran amsa.