Idon Rediyon Hajiya Salmatu

Ranar Asabar da hantsi Hajiya Salmatu ta dire tsohuwar rediyon CD a teburin Sufeto Badaruddeen.

"Yallaɓai, Ummaru mai gyara ya cuce ni. Ya ce ya sa mata sabon idon da ke karanta faifai, ga ta nan ko tari ba ta yi. Karatun marigayi maigidana ne a faifan, shi kaɗai ya rage mani."

Ummaru mutumin Maraɗi ne, wata shida da buɗe shago kusa da tashar Jibiya. Sufeto ya same shi 'yan kasuwa sun kewaye shi, ana cewa ya tattara ya koma garinsu.

"Me ya sami rediyon?"

"Faifai na juyawa ya tsaya, Yallaɓai. Na goge idon, shiru, na tabbata ya mutu. Na sa sabo jiya da safe, ta yi magana raɗau. Na tafi masallacin Juma'a na bar ta a kan kantar shago, da na dawo na miƙa wa Hajiya."

Ummaru ya buɗe ta. Tsohon idon ne a ciki.

"Duba ƙusoshin nan. Ina ɗiga masu jan farce in na gama aiki. An ɓalle shi."

Shagon da ke kallon nasa na Maharazu ne, dattijon da ya shekara talatin yana gyara a layin. Sufeto ya ɗauki rediyon ya tsallaka da ita.

"Baba, ka ga wani ya shiga shagon can jiya?"

"Ina Bugaje jiya. Rediyon nan ma ban taɓa ganinta ba."

"To buɗe mana ita, kai ne gwani."

Maharazu ya gyara zama. Hannunsa ya tafi kai tsaye ƙarƙashin takardar da ke manne a bayanta, ya kwance ƙusar da ke ɓoye a wurin.

"Wanda bai taɓa ganinta ba, ya aka yi ya san da ƙusar nan? Jawo aljihun teburinka."

Sabon idon na ciki a ƙunshe cikin tsumma, da ɓurɓushin jan farce a gefensa.

Maharazu ya kalli shagon Ummaru.

"Tun maigidanta na da rai ni ke gyara ta. Bara na ce mata ta mutu. Sai ga Hajiya ta wuce ƙofata ko sallama babu, ta kai wa baƙon jiya. Ina zaune nan na ji muryar Alhaji ta tashi daga shagonsa, mutane na ta sa masa albarka. A layina, Yallaɓai!"

Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya kama hannunsa. Da suka zo daidai shagon, Ummaru ya rusuna ya ce, "Sannu, Baba."

Maharazu ya kau da kai, ya ce wa kofur, "Mu bi ta baya."